Gwada Yadda Masara, Wake da Abarba Suke Karɓar Sauyin Hasken Rana

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyar gonar da aka haɗa gero da wake a watan Agusta ya san cewa hasken da ke sauka a kan ganyen waken ba ya zama iri ɗaya na tsawon lokaci. Iska ta kaɗa geron, rana ta faɗo a kan waken na ɗan ƙanƙanin lokaci, inuwa ta dawo. Can kuma hadari ya taso daga gabas ya rufe sama, bayan rabin sa'a ya wuce, rana ta buɗe da zafinta. A aji mukan koyar da yadda ganye ke haɗa abinci kamar a ce rana fitila ce da aka kunna aka bar ta, alhali a gona ganye yana shafe yininsa ne yana bin haske da gudu, kuma koyaushe yakan ɗan makara. Wannan makara tana cin amfanin gona, kuma kowane irin tsiro da tasa. An shirya wannan jagora ne domin malaman kimiyya da na aikin gona, da ɗalibansu, da masu lambu, su ga abin da idonsu, da kayan da za a iya samu a kasuwa da kantin magani.

Hanyoyi uku na cafke iska

Ganye yana shaƙar iskar kabon dayoksaid ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ya yi amfani da ƙarfin haske ya mayar da ita sukari. Sinadarin da ke cafke iskar a cikin ganyen ana kiransa Rubisko. Melvin Calvin da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley su ne suka bi sawun wannan aiki dalla-dalla, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 1961. Da yake abin da ake fara samu yana ɗauke da ƙwayoyin kabon uku, sai aka sa wa hanyar suna C3, kuma ita ce hanyar mafi yawan tsirran duniya. Wake, gyaɗa, shinkafa, alkama, auduga, rogo, kuɓewa, yakuwa da kusan dukan itatuwa a nan suke. Rubisko yana da aibi guda babba: wani lokaci yakan cafki oksijin a maimakon kabon dayoksaid, sai ganyen ya ɓata ƙarfi wajen gyara kuskuren, kuma gwargwadon zafi gwargwadon yawan kuskuren.

Masara, dawa, gero, rake, acca, tamba, aya da alayyafo sun sami mafita. Suna fara kama iskar da wani sinadari dabam wanda ba ya ruɗewa da oksijin, su ƙulle ta a cikin wani tsami mai ƙwayoyin kabon huɗu, su tura ta cikin wasu ɗakunan halitta da suka kewaye jijiyoyin ganye kamar awarwaro, a can su sake ta a gaban Rubisko da yawa har ya daina kuskure. Marshall Hatch da Roger Slack ne suka fayyace wannan hanya ta C4 a 1966 a birnin Brisbane na Ostireliya, suna aiki da ganyen rake. Sai dai wannan turawa ba kyauta ba ce, domin kowace ƙwayar iska da aka tura sai an biya ta da ƙarin ƙarfin haske. Idan akwai rana da zafi, cinikin da riba. Idan an shiga inuwa mai sanyi, ribar takan narke.

Hanya ta uku, wadda ake kira CAM, ta abarba ce da alobera da ire-iren tsirran hamada masu kaurin ganye. Su da dare suke buɗe ƙofofinsu, su tara iskar a matsayin tsami, da rana su rufe ruf, su riƙa warware tsamin suna haɗa sukari.

Mataki na farko: tabbatar da hanyar kowane tsiro

Kada ka dogara da jerin sunayen da na kawo kawai, domin ganyen kansa zai nuna maka. Da la'asar, bayan ya sha rana, tsinko ganyen wake, na alayyafo da yankin na masara. Ka tafasa su a ruwa kamar minti biyu, sannan ka saka su a ƙaramar kwalba mai sifirit irin na kantin magani, ka tsoma kwalbar a cikin ruwan zafin bayan ka sauke tukunyar ka kashe wutar. A kan wannan ina da tabo. Karon farko da na yi gwajin a gaban ɗalibai na bar tukunyar a kan risho don in yi sauri, tururin sifirit ya kama da wuta, na tsira da ƙonewar gashin hannu da dariyar 'yan aji. Idan ganyen ya yi fari fat, ɗauraye shi da ruwan ɗumi, ka shimfiɗa shi a farin faranti, ka ɗiga masa aidin. Duk inda sitaci yake zai yi baƙi-baƙi. Duba da gilashin ƙara girma: a ganyen wake baƙin zai bazu ko'ina, amma a masara zai fi taruwa a layi-layi a kan jijiyoyi, a alayyafo kuma ya zana ragar jijiyoyin. Wannan shi ne awarwaron da aka ambata. Na fi son haɗa wake da alayyafo a wannan gwaji, domin dukansu masu faɗin ganye ne, kuma hakan yana kawar da zaton da ɗalibai kan yi cewa C4 ta dangin ciyawa ce kaɗai.

Mataki na biyu: auna hasken da ganye yake samu a zahiri

Yawancin wayoyin zamani suna da ma'aunin haske a gaba, kusa da inda ake kara kunne, kuma akwai manhajoji na kyauta da ke nuna adadinsa da ma'aunin lux. Tsakar rana mai sarari takan kai kusan lux 100,000. Ba ainihin lambar ce damuwarka ba, kwatanci kake nema: ka auna a fili, nan take ka auna a ƙarƙashin shuka, ka raba na biyu da na farko. Idan wayarka tana cijewa a kan lamba ɗaya a tsakiyar rana, liƙa ɗan farin takarda a kan ma'aunin ka bar shi a duk awon da za ka yi.

Yanzu zaɓi ganyen wake guda a ƙarƙashin gero ko dawa, ka riƙe wayar a gefensa tana kallon sama, wani ya riƙa rubuta lambar duk bayan daƙiƙa talatin har tsawon minti ashirin. Idan kuka zana sakamakon a takarda za ku ga layi mai tsalle kamar haƙoran zarto. Wannan zanen shi ne ainihin rayuwar ganyen, kuma sauran gwajin duk ƙoƙari ne na kwaikwayonsa.

Mataki na uku: kafa rumfuna

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Kana buƙatar wurare uku: fili mai cikakkiyar rana, rumfa mai inuwa tsayayya, da rumfa mai inuwa mai tafiya. Hikimar ita ce rumfunan biyu su ba da jimillar haske kusan ɗaya, wato wajen rabin na fili, ta yadda bambancinsu kawai shi ne yadda hasken yake zuwa.

Rumfar farko mai sauƙi ce: ka rufa ta da tsohon gidan sauro, kana ƙara ninki kana aunawa da waya har hasken ya sauko rabi. Ta biyu kuwa da karan dawa za ka yi ta. Ka ɗaure karan ƙunshi-ƙunshi, faɗin kowane ƙunshi kamar santimita 10, wato wajen tafin hannu, ka jera su a kan rumfa mai tsayin mita ɗaya da rabi, kana barin tazara daidai faɗin ƙunshin. Dole ƙunshin su miƙe daga arewa zuwa kudu. Dalili kuwa shi ne rana tana tafiya daga gabas zuwa yamma da digiri 15 a kowace sa'a, don haka a wannan tsayi inuwar kowane ƙunshi za ta riƙa matsawa kusan santimita 40 a sa'a idan rana ta take, ganye ya sami kamar minti goma sha biyar a rana, goma sha biyar a inuwa, haka har yamma, ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Idan ka jera su gabas da yamma, inuwar za ta kusan tsayawa wuri ɗaya, wani tsiro ya yini a rana wani ya yini a inuwa, aikin ya ɓaci. Kada kuma ka jera kara ɗai-ɗai, domin inuwar siririn abu daga wannan nisa takan dushe, sai ka sami rumfa mai kama da ta gidan sauro. Ka faɗaɗa rufin ya wuce inda shukar take, ko ka rufe gefen gabas da na yamma da irin kayan rufin, don kada hantsi da la'asar su kutso ta gefe.

Shuka masara ko gero, wake da alayyafo a ledar reno, da ƙasa iri ɗaya da taki iri ɗaya, aƙalla leda biyar na kowane iri a kowane wuri. Ka bar su duka a fili har su yi mako guda da tsirowa, ka cire raunana ka bar ɗaya a kowace leda, sannan ka raba su ba tare da zaɓe ba. Ka binne ledojin a ƙasa zuwa wuyansu, domin baƙar leda a rana tana dafa saiwa, sai ka ɗauka haske ne ya cutar da shukar alhali zafin ƙasa ne. Ban ruwa kuma ka yi shi gwargwadon bukata, kada wata leda ta bushe, tunda na fili sun fi na rumfa shan ruwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, a Oktoba da farkon Nuwamba, ko a Maris, lokacin da sama take a sarari. Tsakiyar hunturu ba ta dace ba, saboda ƙurar hazo tana tace hasken ta mayar da shi kusan iri ɗaya a ko'ina, sanyin kuma yana daƙile masara da gero ko da akwai rana.

Mataki na huɗu: kallon makarar da ido

Yayin da kake jiran shukar ta girma, idan makarantarku tana da madubin likita, za ka iya ganin ɗaya daga cikin dalilan makarar. Kifa bokiti a kan wake ɗaya na tsawon sa'a guda a inuwa da safe. Da ka buɗe, shafa jan farce marar launi a bayan ganye ɗaya, ka fitar da shukar rana, ka shafa wa wasu ganyen bayan minti biyar, sha biyar da talatin. Idan ya bushe, ɗago shi da salatif ka manna a gilashi ka duba. Za ka ga hoton ƙofofin, kowace tsakanin ɗakuna biyu masu siffar ƙoda, kuma za ka ga cewa ba nan take suke buɗewa ba.

Abubuwa uku ne suke jinkiri idan haske ya sauya. Ƙofofin su ne mafi nawa, sukan ɗauki daga minti goma zuwa fiye da rabin sa'a kafin su buɗe sosai. Rubisko shi ma yakan yi kamar barci a inuwa, sai an ɗauki mintuna kafin ya farka. Na ukun ya fi ban sha'awa: idan rana ta yi wa ganye yawa, yakan kunna wata kariya da ke zubar da rarar hasken a matsayin zafi don kada ya lalace, amma idan inuwa ta zo kariyar ba ta mutuwa da wuri, sai ganyen ya ci gaba da zubar da ɗan hasken da ya rage masa. A 2016 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Stephen Long, sun sauya ƙwayoyin gadon taba don kariyar ta riƙa sakin jiki da sauri, kuma a gona nauyin shukar ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari. Wannan kaɗai ya isa ya nuna girman abin da makara take ci.

Idan ka ɗauki hoton ƙofofin masara za ka ga siffarsu dabam ce, sirara a tsakiya masu kumburi a bakin biyu, kuma irin waɗannan sun fi saurin buɗewa da rufewa. A kula, wannan baiwa ta dangin ciyawa ce gaba ɗaya, shinkafa da alkama ma suna da ita duk da su C3 ne.

Mataki na biyar: tsamin asuba

Tsirran CAM ba sa girma da saurin da za a auna su cikin wata ɗaya, don haka gwajinsu dabam ne. Samo abarba ko alobera biyu, da takardar gwajin tsami ta ɗakin kimiyya. Da asuba yanki ɗan ganye ka matse ruwansa a kan takardar, ka sake yi da azahar da kuma magariba. Za ka tarar tsamin ya fi ƙarfi da asuba, yana raguwa har yamma. Wani masanin tsirrai mai suna Benjamin Heyne ya lura da haka a Indiya tun farkon ƙarni na 19 ta hanyar ɗanɗana ganye, amma kai ka tsaya ga takarda, domin ruwan alobera yana sa gudawa. Bayan haka ka ajiye ɗaya a inuwa mai duhu na kwana uku ka maimaita. Tsaminsa zai yi jinkirin sauka da rana, kuma wanda zai tara da dare zai ragu, domin da sitacin da ya haɗa jiya yake kama iskar daren yau. Gajimaren minti goma bai dami ƙofofinsa ba tunda a rufe suke; lissafinsa na yini ne gaba ɗaya.

Mataki na shida: girbi da fassara

Bayan mako huɗu a ƙarƙashin rumfa, yanke kowace shuka daga gindi, ka saka ta a ambulan mai lamba, ka shanya har ta bushe ƙarau, sannan ka auna da ƙaramin sikeli. Nauyin busasshiyar shuka shi ne hukunci. Kada tsawo ya ruɗe ka. Ɗalibaina sun taɓa yanke hukunci cewa masarar rumfa ce ta ci gasa don ta fi tsawo, da aka shanya ta sai ga ta shafal kamar takarda. Tsiro a inuwa yakan miƙe yana neman rana, ya yi siriri, ganyensa ya yi faɗi marar kauri.

Kada ka kwatanta nauyin masara da na wake kai tsaye. Kwatanta kowanne da ɗan'uwansa na fili. Ganyen C3 yakan ƙoshi da haske tun a wajen kwata zuwa rabin cikakkiyar rana, abin da ya haura haka ba ya ƙara masa komai sosai, yayin da ganyen C4 yake ci gaba da ƙaruwa har kusan ƙarshen ƙarfin rana. Saboda haka abin da ake sa rai shi ne gidan sauro ya fi rage masara da alayyafo fiye da wake. A rumfar kara kuwa waken yana cikin wani hali: rabin lokacinsa yana samun rana fiye da abin da zai iya ci, rabin kuma yana cikin inuwar da ba ta ishe shi ba, ga makara a kowane sauyi, don haka ya kamata ya gaza ɗan'uwansa na gidan sauro duk da jimillar haskensu ɗaya. Ita ma masara tana da tata matsalar, domin hanyarta aiki ne na ɗakunan halitta iri biyu, masu kama iska da masu Rubisko, da dole su daidaita, kuma bayan doguwar inuwa sukan ɗauki lokaci kafin su haɗa kai. Sai dai idan hasken ya faɗi kwatsam, tsamin da yake kan hanya tsakanin ɗakunan yakan ci gaba da ciyar da Rubisko na ɗan lokaci. Idan sakamakonka ya saɓa, fara duba ban ruwa da hasken da ke shigowa ta gefe kafin ka zargi littafi.

Daga rumfa zuwa gona

Manomin ƙasar Hausa ya daɗe yana aiki da wannan ilmi ba tare da sunayensa ba. Yana sa gero da dawa a sama su sha rana, wake da gyaɗa a ƙasa, kuma idan ya girbe gero a ƙarshen damina sai waken ya sami sarari daidai lokacin da zai yi fure. Amma jurewa inuwa ba son inuwa ba ne, kuma waken da ke ƙarƙashin dawa mai kauri yakan ba da ɗan kaɗan. Wannan ne ya sa masu bincike na cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, a Kano suka yaɗa tsarin layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake, wanda ke bai wa waken tsakiya sa'o'i masu tsawo na rana a jere maimakon walƙiya-walƙiya. Kafin ka sauya tsarin gonarka, auna da waya a layin gefe da na tsakiya a hantsi, azahar da la'asar.

A lambu, idan akwai gefen da mangwaro ko katanga ke yi wa inuwa, kada ka ba alayyafo ko masara wannan wurin; ganyayyakin C3 za su fi jurewa. Gawo kuwa ya bambanta da sauran itatuwa, domin yana zubar da ganyensa da damina, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Tofa da ƙiri-ƙiri da sauran ciyayin da suka fi addabar gona akasarinsu C4 ne, kuma inuwa mai ɗorewa tana karya su, don haka amfanin gona mai yaɗo da ke rufe ƙasa da wuri yana rage maka noma.

Dashen da aka rena a inuwa, ko tumatir ne ko barkono ko alobera da ta daɗe a cikin ɗaki, bai gina kariyar da ke zubar da rarar haske yadda ya kamata ba, kuma idan ka fitar da shi tsakar rana farat ɗaya ganyensa zai yi fari-fari ya ƙone. Ka fara ba shi rana ta hantsi kawai, ka riƙa ƙara lokaci a hankali har tsawon mako guda zuwa kwana goma. Rumfar karan da ka kafa don gwaji za ta yi maka wannan aiki: ka riƙa zare ƙunshi ɗaya ko biyu kowace safiya har rufin ya ƙare, sannan ka yi dashen da yamma.